Ranar da Aka Tafasa Mini Zoɓo a Dubai

Tun da na dawo daga Dubai ƙafa ba ta ɗauke a gidan nan ba. Wannan ta shigo da sannu da hanya, waccan ta shigo wai aron turmi, amma duk tambayar ɗaya ce: da gaske ne Auta 'yar Sin zai aura, kuma ni da bakina na yarda? Na gaji da maimaitawa. Shi ya sa na zauna na rubuta, tunda ba don sa hannu a katin asibiti kawai na zauna ajin yaƙi da jahilci da furfurata ba. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Ga wadda ba ta san gidanmu ba, Sagir shi ne autana. A Jebel Ali yake aiki, inda jiragen ruwa ke sauke kwantena, shi ke duba kayan da suka shiga sito da waɗanda suka fita. Bayan ƙaramar sallah ya kira ni, ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi awaki, ya tambayi rufin ɗaki, sannan ya ce, "Inna, akwai wata yarinya."

Na ce, "'Yar wane gida?"

Ya ce, "Musulma ce, Inna."

Na ce, "Ban tambaye ka addininta ba. 'Yar ina ce?"

Ya ce Sin. Na ce wace Sin? Ya ce wadda ake kawo fitilar caji daga can. Na kashe wayata.

Mahaifinsa ya rasu, baffanninsa kuma suka ce ba za su nemi auren da uwa ba ta gani ba. In je in gani da idona. In na ce e, su shige gaba. In na ce a'a, magana ta mutu. Shi ma ya ce, "Wallahi Inna in kin ce a'a na bari." Na san ɗana. Zai bari ɗin, ko da zai ƙare a tsaye kamar kara. Da wannan nauyin na bar Funtuwa.

Ana ruwa muka kama hanyar Kano, har sai da na lulluɓa da mayafi biyu a mota. A filin jirgi Allah ya haɗa ni da wata Hajiya Balaraba, 'yar kasuwa mai sarin jakunkuna, wadda Dubai ta zame mata kamar bayan gida. Ta leƙa jakar hannuna ta ga goro, ta ce kada in kuskura in shiga da shi ƙasar mutane. Ban san ko gaskiya ta faɗa ba, amma na rabar wa masu shara, ina ji ina gani. A Habasha muka canja jirgi. Can na fara arba da matakala mai tafiya da kanta. Na tsaya na ce ba zan hau ba, mutane suka taru a bayana kowa na magana da yarensa. Balaraba ta ja hannuna kamar akuya, na hau da bismillah, na sauka da innalillahi, takalmina ɗaya ya riga ni isa.

A Dubai wani saurayi mai farar jallabiya ya sa na cire gilashi na zare wa wata na'ura ido. Daga nan aka buɗe jakata. Matar da ke bincike ta kwance ƙullin daddawa, ta shaƙa sau ɗaya, ta ja baya ta kira 'yar uwarta. Na ce mata da Hausa, "Miya ce, 'yar nan, ba gawa ba." Balaraba ta yi musu Larabcinta na kasuwa, suka ɗaure da sauri suna "yalla, yalla." Busasshen zoɓo kuwa da suka gani murmushi suka yi, ashe su ma suna sha.

Da ƙofar fita ta buɗe na ɗauka gobara ake yi a waje. Na san zafin bazararmu, na yi surfe a cikinsa da goyo. Amma namu daga sama yake dukan mutum, ya bar shi a bushe. Nasu jiƙaƙƙe ne, kamar ka buɗe madambaci ka sa fuska. Gilashina ya rufe da tururi, ban ga Auta ba sai da na ji ya riƙe mini jaka yana "Inna, sannu da hanya." Ya rame.

Shi da samari yake kwana, gado kan gado, don haka ya sauke ni a unguwar Karama wurin wata Rifkatu, 'yar Zonkwa, ma'aikaciyar jinya. Yarinyar kirki, mai baki kamar nawa. Ita ta shimfiɗa mini sallaya ta nuna mini gabas, ko da yake gabas ɗin can ba inda rana ke fitowa ba ne, sai an juya mata baya. Ranar farko na buɗe famfon ruwan sanyi zan yi alwala, ruwa ya kusa saɓule mini fata. Na ƙwala ihu. Ta zo tana dariya.

"Mama, a wannan wata famfon sanyi shi ne na zafi, tankin yana kan rufi. Ki buɗe na zafin, na kashe masa wuta, ruwansa ya huce."

Na ce, "Ƙasar da famfo ma ke ƙarya, Allah ya fid da mu lafiya."

Rayuwarsu a lokacin nan gudu ce daga sanyi zuwa sanyi. Ɗaki na'urar sanyi, mota na'ura, har rumfar jiran bas an rufe ta da gilashi an sa mata na'ura. Da tsakar rana ba ka ganin leburan gini a waje. Ni kuwa na'urar ce ta kama ni. Guiwoyina suka kumbura, sujada ta koma aiki. Abinci kuma shinkafa ce mai kayan ƙamshi kamar an kifar da shagon mai turare a ciki, sai gurasa faffaɗa. Da na gaji Auta ya kai ni unguwar Naif, na ci tuwo miyar kuka a wani lungu. In kin rufe ido a Naif sai ki rantse a Kwari kike, Hausa ta ko'ina, masu aika kaya gida ta jirgi suna "kago nawa, kago nawa."

Yarinyar ta zo gaishe ni a ɗakin Rifkatu. Safiya sunanta. 'Yar siririya, da hijabinta, ta durƙusa har ƙasa, na san aikin Auta ne. Tafinta ce tsakanin 'yan kasuwarsu da masu sari, ta iya Larabci da Turanci, Hausarta kuwa ta kasuwa ce, ta iya "nawa" da "albarka" kafin ta iya "ina gajiya." Na sa ido a alwalarta, ban ga abin gyara ba. Na ji haushin hakan kaɗan. Ta ce mahaifinta ya rasu, ita da mahaifiyarta suke zaune, kuma tsohuwar tana gayyatata cin abinci ranar Juma'a.

Ba na zuwa gidan mutum hannu rabbana. Na jiƙa zoɓona, na sa citta da kanumfari da ɓawon abarba, na tace shi sau biyu da sabon ƙyalle. Na sa a firji har ya yi ƙanƙara a baki. Duk wadda ta sha zoɓona a suna ko walima ta san ba na wasa da shi. Na ce a wannan wutar ba kyautar da ta fi wannan.

Auta ya kai ni unguwarsu, can bayan gari take, kusa da babbar kasuwar 'yan Sin. Tsohuwar ta buɗe ƙofa, gajeriya mai faɗi, da farin ɗankwali. Ta yi sallama tsaf kamar ta malaman Zariya. Ashe ta yi aikin hajji, ni ko Jidda ban taɓa gani ba. Don haka Hajiya na riƙa ce mata. Ɗakin da ɗumi, na'urar an rage ta kamar ba ta aiki.

Na buɗe kula da kaina, na zuba mata a kofi, na zuba nawa. Ta karɓa da hannu biyu. Tana jin sanyin kofin sai fuskarta ta canja. Ta ajiye, ta yi wa 'yarta wata magana da sauri. Ni kuma na kai nawa baki ke nan, sai matar nan ta miƙo hannu ta ƙwace kofin daga bakina. Ta haɗa da nata, ta ɗauki kular gaba ɗaya, ta shige kicin. Ina zaune ina kallo ta juye zoɓona a tukunya ta kunna wuta.

Jama'a, na ji abin har tafin ƙafata. Me ake tafasawa in ba abin da ake ƙyanƙyami ba? Na ce a raina, wato ta ga baƙar mace daga Afirka, ta ce bari ta kashe ƙwayoyin cuta kafin ta sa a baki.

Safiya ta fara, "Umma, Mama ta ce yanzu lokacin zafi ne, sanyi ba kyau..."

Na ce, "Lokacin zafi ne sanyi ba kyau? Ke, ni za ki yi wa tafinta? Faɗa mata na tace shi sau biyu. Faɗa mata a gidanmu ko kare ba a ƙwace wa kwano yana sha. Faɗa mata ɗan da take gani fes-fes da hannun nan aka yi masa wanka."

Na yi magana mai tsawo. Safiya ta juya ta faɗi abin da bai fi kalma uku ba, tsohuwar ta yi murmushi ta gyaɗa kai. Nan na gane yarinyar tana tace maganata fiye da yadda na tace zoɓon. Aka kawo shi yana tururi, aka kawo farfesun rago da taliya a kwano, shi ma yana tafasa. Ban taɓa ko ɗaya ba. Na ce wa Auta ya tashi mu tafi.

A mota na ce, "Ba da ni ba. Gidan da ake tafasa abin hannun uwarka, gobe 'ya'yanka za a tafasa."

Ya ce, "Inna, al'adarsu ce, wallahi ni ma..."

Na ce, "Na gama magana."

Ya ce, "To, Inna." Ya ci gaba da zuwa kullum bayan aiki, ya kawo mini ayaba da madara, ya zauna ya tambayi guiwa. Da ya yi mini musu da na fi jin daɗi. Ban kira baffanninsa ba tukuna, na ce sai na koma gida in faɗa musu baki da baki.

Ana saura 'yan kwanaki in taho, Rifkatu ta samu hutu ta kai ni kasuwar 'yan Sin ɗin in sayi tsaraba. Kasuwa ce doguwa a rufe, tafiya ba ta ƙarewa. Guiwa ta hana ni, na zauna a bencin wani shagon fanka. Zaman nan ne ya sa na fara kallon mutane. Kowane mai shago da ɗan fulas ɗinsa a gefe, ya buɗe, tururi ya tashi, ya kurɓa. Wani tsoho ya sunkuya ɗaukar kwali, na ga an manna masa wasu 'yan filasta a ƙeya da gadon baya.

Sai ga ɗan mai shagon da nake zaune, ƙato mai gemu, ya shigo da gorar lemo mai raɓa. Ya buɗe ya kai baki. Uwarsa ta taso daga bayan kantar shagon, ta fizge gorar, ta ɗaka masa duka a kafaɗa, ta tura masa fulas tana zazzaga masa faɗa. Ƙaton nan ya karɓa yana ƙunƙuni. Yadda ta miƙa hannun, yadda ta fizge, sak na Hajiya.

Akwai wani dattijo Bamaraɗe a shagon, Malam Idi, dillali ne, ya ce ya yi shekaru yana zuwa Sin. Na ce, "Malam, me yaron nan ya yi?"

Ya ce, "Abin sanyi ya sha, Hajiya. To, yanzu suna cikin San-fu."

Ya yi mini bayani. A lissafinsu na gargajiya akwai kwanakin da suka fi kowane zafi a shekara, suna shigowa 'yan makonni bayan yinin da ya fi tsawo. Sun raba su uku, na fari, na tsakiya, na ƙarshe, wata guda ne ko ya ɗara, ya danganta da shekara. Ko ina suke a duniya tsofaffinsu na bin lissafin. Sun ce a kwanakin nan jiki a buɗe yake, in sanyi ya shiga sai ya ɓuya a gaɓoɓi da ƙirji, ya jira lokacin ɗari ya tashi. Don haka ba ƙanƙara, ba zama a bakin na'ura. Sai shayin citta, sai romo mai zafi, wasu har rago suke ci musamman, a yi gumi a kori tsohon sanyi. Filastan nan ma na hakan ne.

Rifkatu ta ce, "Mu dai a asibiti ba a koya mana wannan ba."

Ni ban ji ta ba. Jego nake tunawa. 'Ya'yana mata uku, kowacce na yi mata zaman jego, kuma kowacce na fizge mata kofin ruwan randa daga baki, har Hadiza ta yi kuka ta ce na tsane ta. Ban taɓa fizge na 'yar maƙwabta ba. Ita sai dai in ce, "Ayya, da kin bari ya ɗan huce," in wuce abina.

Na ce wa Rifkatu ta sa ni a tasi. Ta ce, "Mama, faɗa za ki koma?" Na ce ta sa ni dai.

Hajiya ita kaɗai ce a gida. Ta buɗe, muka tsaya muna kallon juna, ba tafinta. Na yi sallama, ta amsa. Na wuce ta kai tsaye na shiga kicin, na nuna tukunya, na nuna bakina. Ta buɗe firji, sai ga zoɓona a kwalba, saura kaɗan. Ashe kullum tana ɗumama shi tana sha. Ta ɗora a wuta, muka raba. Gaskiya zan faɗa, da zafinsa cittar ta fi fitowa. Amma kada wata ta kawo mini shi haka a walima.

La'asar ta yi muka yi sallah kafaɗa da kafaɗa. Ta ga yadda nake dafa bango kafin in miƙe. Muna sallamewa ta zaunar da ni, ta soya gishiri mai tsakuwa da citta a kasko, ta ɗura a jakar ƙyalle ta ɗora mini a guiwa. Ta nuna na'urar sanyi ta yi mata tsaki, ni ma na yi mata. Ko gishirin ne, ko ɗumin ɗakin ne, ban sani ba, guiwa dai ta saki a ranar.

Safiya ta dawo daga aiki ta same mu haka, ƙafafuna a kan cinyar uwarta. Ta tsaya a ƙofa da jaka a hannu, idonta duk ya faɗa.

Na ce, "Zo ki zauna. Yau duk abin da na faɗa ki faɗe shi da tsawonsa. In na ji ya gajarce zan sani."

Na tambayi abin da ya kawo ni. 'Ya'yan da za a haifa za su san Funtuwa? Za su ji Hausa? In na mutu za a bar ɗana ya zo da iyalinsa, ko shi kaɗai zai zo kamar maraya? Tsohuwar ta amsa ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi mini daɗin baki ba. Ta ce Funtuwa dole, amma garinsu ma dole. Na ce wannan adalci ne.

Sai ita ma ta yi nata maganar, doguwa. Safiya ta sunkuyar da kai. Na ce, "Da tsawonsa."

Ta ce, "Mama ta ce ke kina da 'ya'ya bakwai, ita ni kaɗai gare ta. Ta ce ta ga kina da faɗa. Wai in na je gidanku na yi ba daidai ba, ki yi mini faɗan a gabana. Kada ki yi shiru ki bar ni kamar baƙuwa."

Na ce, "Faɗa mata wannan ko ba ta roƙa ba za ki samu."

Ban san yadda ta juya shi ba, amma tsohuwar ta yi dariya har tana share ido da gefen ɗankwali.

Rifkatu ta riga ta kira Auta ta ce masa na tafi yaƙi. Ya baro Jebel Ali a guje, ya iso, ya kasa hawowa. Ta taga na hango shi a gindin bene cikin ranar nan, riga ta manne masa a baya. Na sa Safiya ta kira shi. Ya shigo yana kallon fuskokinmu ɗaya-ɗaya.

Na ce, "Kira Baffa Sani."

Ya ce, "Inna, in ce masa me?"

Na ce, "Ka ce su nemi goro. Ka ba ni wayar in ya ɗauka, kai ba ka iya magana ba."

Ya zauna a ƙasa inda yake, ya rufe fuska da hannu biyu. Hajiya ta dube shi, ta tashi ta zubo masa romo.

An tsayar da magana sai bayan babbar sallah, don Hajiya ta ce ba mai hankalin da zai yi biki kafin kwanakin zafin su fita. A can Dubai za a ɗaura, sannan su taho nan tare da ita a yi walima. Na riga na sa an gyara mata ɗakin da ke kusa da nawa. Ku da kuke ta tambaya, ga amsarku. Wadda za ta zo ta ci shinkafa ta yi addu'a, bismillah. Wadda kuma ta san leƙen idon amarya zai kawo ta, ta koma tana ƙus-ƙus a bayan zaure, ta yi zamanta a gida. Yarinyar nan uwarta ta damƙa mini ita, kuma kun san bakina.